Darasin Wata: In Dillali Ya Faɗi Ƙarya a Kan Motar da Aka Saya Bashi

Da kaka ta yi, gero da wake da riɗi suka shiga gida, mutane da yawa a Babban Mutum da ƙauyukan ƙasar Baure sukan fara tunanin abin hawa. Wani babur yake so don acaɓa. Wani Keke Napep. Wani kuwa ƙaramar mota ce ta ɗaukar fasinja zuwa Daura, ko a-kori-kura ta kai kaya kasuwa. Ba kowa ke iya biyan kuɗin mota lokaci ɗaya ba. Saboda haka sai a ba da kafin alƙalami, a karɓi mota, sauran kuɗin a riƙa biya wata-wata ko mako-mako.

Wannan hanya tana taimakon talaka. Amma tana da rami. Sau da yawa dillali yakan faɗi abin da babu shi a jikin motar. Sai an kai ta gida an yi mako biyu, gaskiya ta fito. A lokacin mai saye yana da mota mara lafiya a ƙofar gida, ga kuma bashi a wuyansa. Darasin wannan wata zai bayyana haƙƙin da irin wannan mutum yake da shi, da hanyar da zai bi ya karɓi haƙƙin nasa.

Yabon kaya da bayanin kaya

Kowane ɗan kasuwa yana yabon kayansa. Dillali zai ce, "Wannan mota doki ce," ko ya ce, "Ba irinta duk ƙasar Daura." Wannan zuga ce irin ta kasuwa. Alƙali ba zai tsaya a kanta ba.

Bayanin kaya daban ne. Shi ne maganar da za a iya aunawa a ga gaskiya ce ko ƙarya. In dillali ya ce motar ƙirar 2012 ce, ko ya ce ba ta taɓa yin haɗari ba, ko ya ce ba a taɓa sauke injinta ba, ko ya ce an biya kuɗin kwastan, to ya yi bayani. In mai saye ya dogara da bayanin ya saya, daga baya aka gano ƙarya ne, an cuce shi, kuma yana da haƙƙi.

Manoma da makiyaya sun san wannan tun kafin zuwan mota. A littattafan fiƙihu akwai hukuncin saniya ko akuyar da aka ƙi tatsa kwana biyu ko uku don hantsarta ta cika, mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Wanda aka yi wa haka yana da ikon mai da dabbar ya karɓi kuɗinsa, tare da ba da wani awo na abinci a madadin nonon da ya tatsa. Dillalin da ya mai da agogon tafiyar mota baya, don a ga kamar ba ta sha hanya ba, aikinsa ɗaya da mai ɗaure hantsa.

Bashi iri uku ne

Kafin a yi maganar haƙƙi, sai mai saye ya san irin bashin da ya ci. Da yawa ba su sani ba, kuma a nan ne ake fara yin asara.

Na farko shi ne wanda 'yan tasha ke kira haya-facas. A wannan tsari motar tana nan ta mai ita har ranar da aka biya kuɗin ƙarshe. Wanda ke tuƙa ta kamar ɗan haya ne, ba shi da ikon sayar da ita. Yawancin babura da Keke Napep haka ake ba da su.

Na biyu shi ne a sayar wa mutum motar kai tsaye, ta zama tasa tun ranar ciniki, kuɗi kawai ake binsa. Bankunan da ba su harka da kuɗin ruwa, irin su Jaiz wanda ya fara aiki a 2012, suna da wani tsari mai suna murabaha. Banki ne zai sayi motar daga dillali, sannan ya sayar wa mai buƙata da ribar da aka yarda da ita. A nan bankin shi ne mai sayarwa, don haka in an sami aibi dole a sanar da shi.

Na uku shi ne mutum ya ranci tsabar kuɗi a banki ko a ƙungiyar adashi, ya tafi da kansa ya sayi mota. Wanda ya ba da rancen bai ga mota ba, bai yi bayaninta ba. Ko motar ta mutu a ranar farko, bashin yana nan. Rigimar mai saye da dillali ce kaɗai.

Abin da dokar haya-facas ta ce

Nijeriya tana da dokar haya-facas tun 1965. Ta shafi kowace irin mota, kome tsadarta. Dokar ta ce kafin a ƙulla ciniki, sai mai mota ya bayyana a rubuce nawa ne farashinta in da kuɗi hannu za a biya. Sannan a rubuta takardar yarjejeniya, mai karɓar mota ya sa hannu. Takardar za ta nuna farashin kuɗi hannu, da farashin bashi, da kafin alƙalami, da abin da za a riƙa biya, da ranakun biya, da bayanin motar yadda za a gane ta. Sai kuma a ba shi kwafinsa cikin kwana 14. In mai mota bai yi haka ba, yana iya rasa ikon tilasta yarjejeniyar a kotu, sai dai in alƙali ya ga kuskuren bai cutar da mai karɓar motar ba.

Ko ba a rubuta ba, dokar ta ɗauka mai mota ya yi wasu alkawura. Ya yi alkawarin yana da ikon sayar da motar. Ya yi alkawarin ba jingina take a hannun wani ba. Ya yi alkawarin ba wanda zai zo ya tsangwami mai riƙe da ita muddin yana biya. Ya kuma yi alkawarin motar tana da ingancin da ya kamata a ce mota tana da shi. Wannan na ƙarshe yana da togaciya. In tsohuwar mota ce, kuma an rubuta haka a takarda, wannan alkawari ya faɗi. Haka nan in mai saye ya duba motar, aibin kuwa a fili yake yadda duk mai ido zai gani. Amma tsufan mota bai ba dillali izinin ƙarya ba. Tsohuwar motar da aka ce ƙirar 2012 ce, dole ta zama ƙirar 2012.

Akwai wata dabara da wasu masu ba da mota ke yi. In aka zo da kuka sai su ce, "Ai ba mu muka faɗa maka ba, dillali ne." Dokar ta toshe wannan ƙofa. Duk sharaɗin da aka rubuta cewa mai mota ba ruwansa da abin da wakilinsa ya yi wajen ƙulla cinikin, sharaɗin banza ne. Haka ma sharaɗin da ya ba mai mota izinin shiga gidan mutum ya ɗauke mota, ko wanda ya tilasta masa kai gyara wurin makanikin da mai mota ya zaɓa.

Ga misali da lissafi. Waɗannan kuɗi misali ne kawai don koyo. A ce farashin mota kuɗi hannu N5,000,000 ne, farashin bashi kuwa N6,000,000. An ba da kafin alƙalami N1,200,000. Saura N4,800,000, a biya N200,000 kowane wata har wata 24.

Dokar ta ce in an biya kashi uku cikin biyar na farashin bashi, mai mota ba shi da ikon ƙwace ta da ƙarfinsa, sai ta hanyar kotu. A raba N6,000,000 gida biyar, kowane gida N1,200,000 ne. Gida uku N3,600,000 ke nan. Mai wannan misali zai kai wurin bayan ya biya na wata 12. In bayan haka aka ƙwace motar ba tare da kotu ba, yarjejeniya ta warware, kuma yana iya neman duk abin da ya biya. Sai dai a lura. In ya bari biya uku ko fiye suka taru a kansa, mai mota yana iya ɗauke ta ya ajiye a wurinsa don kada ta lalace, har kotu ta yanke hukunci.

Mai riƙe da mota kuma yana da ikon fasa haya-facas da kansa ta hanyar rubuta takarda ya mai da motar. Amma sai abin da ya biya ya kai rabin farashin bashi, wato N3,000,000 a wannan misali, in bai kai ba ya cika. Wannan hanya ta wanda ya gaji da biya ce. Wanda aka yi wa ƙarya bai kamata ya bi ta nan ba, don zai tafi ba mota ba kuɗi. Shi mai da mota zai yi a kan dalilin ƙaryar, ya nemi kuɗinsa.

Sabuwar dokar kare mai saye

A farkon 2019 Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari, ɗan Daura, Allah ya ji ƙansa, ya sa hannu a kan dokar kare haƙƙin masu saye. Ita ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1992, ta kuma kafa hukumar da ake kira FCCPC a taƙaice. Babban ofishinta yana Abuja, tana kuma da ofishi a Katsina.

Wannan doka ta hana ɗan kasuwa faɗin ƙarya a kan kayansa, ko yin maganar da za ta ruɗi mai saye. Ta ce in kaya tsofaffi ne ko gyararru, dole a bayyana. Ta ce a ba mai saye rasit. Ta ce in kaya ba su da ingancin da ya kamata, mai saye yana iya mai da su cikin wata uku daga ranar da aka miƙa masa, mai sayarwa ya gyara, ko ya canja, ko ya mai da kuɗi. In kuwa mutum bai sami damar duba kayan ba kafin a kawo masa, ya ga sun saɓa da bayanin da aka yi, yana iya ƙin karɓa ya nemi kuɗinsa duka, muddin bai yi jinkiri ba. Wannan ya shafi masu aika kuɗi Legas ko Kano a kan hoton da suka gani a waya. Cinikin biri a sama ke nan, kuma ya yawaita.

Wasu dillalai sukan rubuta a rasit cewa in kaya ya fita ba ya dawowa. Rubutun nan ba ya share haƙƙin da doka ta bayar.

Dokar tana magana ne a kan wanda sayarwa sana'arsa ce. In maƙwabci ne ya sayar da motarsa ta hawa, maganar kotu za ta tafi. Kotunan shari'a na Jihar Katsina suna bin mazhabar Malikiyya, wadda ta ba mai saye zaɓi in ya ga tsohon aibin da aka ɓoye masa: ya riƙe kaya, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Aibin da aka nuna masa tun farko ya yarda, ba ya dawowa da shi.

Maganar kwastan a garin iyaka

Babban Mutum yana bakin iyakar Nijar, kan hanyar Magarya. Don haka ƙaryar da ta fi cin mutanen wannan yanki ita ce ta takardun kwastan. Motoci 'yan Kwatano sun daɗe suna shigowa ta Nijar. Daga 1 ga Janairu 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Motar da aka shigo da ita ta ɓarauniyar hanya tana da araha, kuma takan zo da takardu masu kyan gani, na jabu. Ranar da jami'an kwastan suka tare ta a hanya, ita za su kama, ba ruwansu da wanda ya shigo da ita shekara uku da suka wuce. Mai bashi kuwa zai zo ƙarshen wata yana neman kuɗinsa.

Maganin abin ba shi da wuya. Kafin a ba da ko sisi, a kai takardun ofishin kwastan a tantance su da lambar shasi. Dillalin da ya ƙi yarda a yi haka ya riga ya ba da amsa.

Amfanin karatu wajen duba mota

Wanda ya iya karanta baƙi da lamba yana iya kama ƙarya da idonsa. Kowace mota ta zamani tana da lambar shasi mai harufa da lambobi 17. Ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, da kuma a jikin ƙofar direba. A karanta ta ɗaya bayan ɗaya, a gwada da wadda ke takarda. In harafi ɗaya ya saɓa, a tsaya.

A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, abu na goma a jerin shi ke nuna shekarar ƙira. Lamba 1 zuwa 9 suna nufin 2001 zuwa 2009. A tana nufin 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014. In dillali ya rantse motar 2012 ce, mai saye ya ƙirga ya ga 8 a wuri na goma, to 2008 ce aka canja wa fitilu da bamba.

Taya ma tana da ranar haihuwa. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen wani jeri. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na 2019.

Sauran aikin na makaniki ne, amma makanikin mai saye, ba wanda dillali ya kawo ba. Zai duba ko agogon tafiya ya dace da cinyewar sitiyari da abin taka burki. Zai ɗaga shimfiɗar ƙasa ya ga ko akwai laka da tsatsa, alamar ruwa ya taɓa cin motar. Zai bi jikinta da mayen ƙarfe, don ba ya kama inda aka cike lotsa aka shafe da fenti. Ladan makaniki ƙanƙane ne in aka gwada da kuɗin inji.

Duk abin da dillali ya faɗa, a ce ya rubuta a rasit: shekara, lambar shasi, lambar inji, maganar haɗari, maganar kwastan. A zo da shaidu biyu. Wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba, ko aka kawo masa takarda da Turanci, kada ya dangwala yatsa sai wanda ya amince da shi ya karanta masa ya fassara. Akwai tsohuwar doka a Arewa mai kare wanda bai iya karatu ba. Ta ce wanda ya rubuta takarda a madadinsa ya sa sunansa da adireshinsa, shaidar cewa an karanta masa ya fahimta kafin ya sa hannu.

In an riga an saya

Abu na farko shi ne gaggawa. Da an gano ƙarya, a ajiye mota. Wanda ya ga aibi ya ci gaba da lodin fasinja wata biyu, alƙali yana iya cewa ya yarda da ita a haka. Malaman fiƙihu ma haka suka ce game da wanda ya ga aibin dabba ya ci gaba da aiki da ita. Kada kuma a kai ta a kwance inji kafin mai sayarwa ya gani, don zai ce a can aka ɓata ta.

Sai a rubuta wasiƙa gajeriya zuwa ga dillali, a ba mai bashi kwafi, a riƙe kwafi ɗaya. A rubuta ranar ciniki, da abin da aka faɗa, da abin da aka gano, da abin da ake nema: gyara, ko canji, ko ragin kuɗi, ko a mai da mota a karɓi kuɗi. A haɗa da rasit da bayanin makaniki. Saƙonnin waya da muryar da dillali ya aiko kada a goge su.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya yi fushi ya daina biya shiru. Yin haka yana mai da mai gaskiya mai laifi, yana kuma ba mai mota hujjar ɗauke ta. In za a dakatar da biya, a yi shi a rubuce, bayan an nemi shawarar lauya ko an kai magana gaban alƙali.

Sulhu ya fi sauri, ya fi arha. Shugaban dillalai, da shugabannin tasha, da dagaci ko hakimi sukan warware irin wannan magana a zama ɗaya, musamman in dillalin ɗan gari ne mai gudun zubewar mutunci. Abin da aka yarda a kai a rubuta shi, kowa ya sa hannu. In sulhu ya ƙi, sai a kai kuka FCCPC, ko a shigar da ƙara a kotu. In banki ne ya ƙi sauraro, a fara rubuta masa, in wa'adin da aka ba shi ya wuce ba a warware ba a kai ƙara sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Nijeriya. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya neman Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976 don marasa hali.

Takardun jabu da motar sata laifi ne, maganar 'yan sanda ce. Amma bashi kaɗai ba laifi ba ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum don saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, ta kuma hana a kama ɗan'uwa a madadin wanda ake nema.

Aikin aji

1. An ba wani mutum Keke Napep haya-facas a kan N4,000,000. Nawa zai biya kafin a ce ba a ƙwace shi sai da kotu?

2. Ga abin da aka gani a gefen taya: 0821. A wane mako da wace shekara aka yi ta?

3. Dillali ya ce mota ƙirar 2014 ce, abu na goma a lambar shasi kuwa B ne. Shekara nawa ya ƙara?

4. Kowane ɗalibi ya rubuta wasiƙa mai layi shida zuwa ga dillali, ya nuna ranar ciniki, da abin da aka faɗa, da abin da aka gano, da abin da yake nema. A karanta wasiƙun a aji mako mai zuwa.